Bokitin Bayan Ƙyaure

Kun gan shi, kada ma ku fara musu. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin mai jego yin barka a ƙauyukan nan namu ya gan shi: dogon bokitin fenti da aka wanke, da ruwan omo kusan rabi, an tura shi bayan ƙyaure. A ciki ake jiƙa nafkin ɗin jariri, wanda tsofaffi ke kira ƙunzugu, har ranar da aka samu ruwan wanki. Warinsa ya bugi hancinku, kuka gyara mayafi, kuka kau da kai, kuka ce Allah ya raya. Wasunku har makarantar koyon kiwon lafiya sun yi. Babu wanda ya tambayi ko akwai ƙaramin yaro da ke yawo a ɗakin. To ku ji na gidan su Kamilu.

Gidan yana wani ƙauye a gefen hanyar Gezawa, inda gonaki suka fara komawa fulotai. Kamilu adaidaita sahu yake ja a birni, ya fita bayan asuba, ya dawo bayan isha'i. Shi da matarsa Huseina suna sashen yamma. Sashen gabas na yayansa Balarabe ne da matarsa Maryamu, ɗakin da ke kusa da zaure kuma na mahaifiyarsu ne, wadda kowa ke kira Inna.

Huseina ta haifi Fatihu a tsakiyar bazara, 'yar farinta Aina'u ba ta cika shekara biyu ba. Tun da cikin ya bayyana aka yaye yarinyar aka kai ta ɗakin Inna. Can take kwana, da rana kuwa sai inda ƙafarta ta kai ta.

"Kwanika dai ba daɗi," in ji Maryamu ranar suna, tana juya jaririn a hannu. "Yarinya ba ta gama sanin daɗin nono ba kun kore ta. Ke ce marar haƙuri ko direban?"

"Yaya, ki ji tsoron Allah, da mutane a ɗakin."

"Mutanen ai su ma lissafin watannin suke yi a zuci."

Kamilu ne ya kawo bokitin. Ya sauke wasu masu fenti a wani gini a Rijiyar Zaki, ya roƙi guda cikin waɗanda suka ƙare. Dogo ne, mai kauri, mai faɗin gindi, da murfi mai kamawa gam.

Ruwa shi ne matsalar. Da bazara rijiyar gidan sai da asuba take tara ɗan abin da ba a rasa ba, shi ma ja. Mai kurar ruwa yana shigowa ƙauyen ranar da ya ga dama. Sha da girki da alwala su ne a gaba, wankan jego ya cinye sauran, wanki kuwa sai ranar da aka samu rara. Nafkin in ba a jiƙa shi ba ya bushe da kashi a jikinsa, babu sabulun da zai mayar da shi fari, kuma a ƙauyen nan igiyar shanya ce ke ba da shaidar mace. Wadda nafkin ɗinta ya yi rawaya-rawaya, an gama kiranta ƙazama har a gidan biki.

Da farko a waje Huseina ta ajiye bokitin, jikin katangar banɗaki. Rana na shirin faɗuwa Inna ta fito alwala, ta hango shi, ta ajiye buta.

"Ke 'yar nan, kayan wa nake gani a waje?"

"Inna, wari yake yi a ɗakin."

"Wari bai taɓa kashe kowa ba. Ɗauke shi."

Ta tsaya har aka shigar da shi. A sanin Inna, akwai wani tsuntsu da ke gilmawa bayan magariba, ba a ganinsa, ba a kuma kiran sunansa. In ya bi ta kan kayan jariri, riga ce ko ƙunzugu, a igiya suke ko a ruwa, yaron zai kama jijjiga, idanunsa su kafe. Ɗanta na biyu, Sha'aban, haka ya tafi bai fara zama ba, washegarin ranar da ta manta zanen goyonsa a kan danga. An fi shekara talatin, amma har yau in rana ta yi ja sai Inna ta zaga tsakar gida tana dubawa, ko safar jariri ce ta tsince.

Bokiti ya samu wuri a bayan ƙyaure.

Aina'u tana son ruwa. In an manta kwano a gindin rijiya, ita za a tarar tana buga tafin hannu a ciki. Inna agwagwa take kiranta. Huseina kuwa ba ta kiranta komai. 'Yar fari ce, kunya ta hana ta ambaton sunan, sai dai ta ce "ke", ko "yarinyar nan".

Da ruwan shuka ya sauka, gari na wayewa kowa ya yi gona. Kamilu ya ajiye adaidaita ya bi Balarabe. Sun sayo maganin da ake cakuɗa iri da shi don kada ƙwari su tone shi, jan gari ne mai guba, ba a zuba shi a kwanon abinci ko a faifai. Kamilu ya dudduba abin da zai cakuɗa geron a kai, bai samu ba. Ya shiga ɗaki, ya ɓalle murfin bokitin, ya saƙala a hammata ya fita.

Inna ta ƙulle gyaɗar iri a bakin zani ta tafi 'yar gonarta ta bayan gari. Ta bar Aina'u a ƙofar sashen Maryamu tana cin ɗumame. Maryamu ta ga yarinyar ta tashi ta nufi yamma, ta ce wurin uwarta ta tafi. Huseina tana madafi tana tuƙa tuwon 'yan shuka, hayaƙin ɗanyen itace ya cika mata ido, ta ɗauka Inna ta goya ta sun tafi tare.

Da hantsi Fatihu ya farka yana kuka. Huseina ta goge hannu a zani ta shiga ɗaki. Ta ɗauke shi, ta zauna a bakin gado, ta ba shi nono. Daga bakin gadon ana ganin bayan ƙyaure. Ƙafafu biyu ta gani a sama sun fito daga bokitin, ɗaya da takalmin roba, ɗaya babu.

Ruwan bai fi taƙi ɗaya ba. Bokitin bai faɗi ba, saboda jiƙaƙƙun nafkin sun danne gindinsa.

Ta kwantar da Fatihu. Ta ciro yarinyar, ta shimfiɗe ta a tabarma, ta share mata kumfa daga fuska da bakin zaninta. Ta girgiza ta. Ta kifa ta, ta bubbuga bayanta. Sannan ta fita, ta tsaya a ƙofar Maryamu.

"Yaya, zo ki ga yarinyar nan."

Maryamu ce ta yi ihun da ya tara maƙwabta. Huseina ta koma madafi ta sauke tukunyar, don tuwon ya fara kamawa.

An binne Aina'u kafin la'asar. Mata suka cika tsakar gida kwana da kwanaki, suna shigowa da sallama, suna fita da addu'a.

"Me ya same ta? Jiya fa na ganta a ƙofar gida."

"Kwana ne ya ƙare."

"An ce ruwa ta faɗa. Rijiya?"

"A'a. A cikin ɗaki ne."

Daga nan sai wata ta ce Allah ya sa mai ceto ce, a amsa da amin. Da yawansu suna da irin bokitin a bayan nasu ƙyauren. Babu wadda ta ambace shi. Abin da suka tafi da shi a baki shi ne dauriyar Huseina: ko ɗigon hawaye, suka ce, yarinya mai kunya, 'yar gidan mutunci. Huseina tana zaune a kan tabarma, in an gaishe ta ta amsa, in an miƙo mata kunu ta sha. Ji take kamar an toshe mata kunnuwa da auduga.

Inna ta daina cin abincin kirki. Ta tattara 'yan rigunan Aina'u ta ƙulle a ɗankwali ta tura ƙarƙashin gadonta. Kamilu ya koma kan adaidaita tun ba a share makoki ba, ya ƙara daɗewa a waje.

Fatihu kuwa bai san an yi mutuwa ba. Ya ci gaba da ɓata nafkin safe da yamma. Maryamu ta karɓi wankin na 'yan kwanaki, a bahonta, sannan nata aikin ya taso mata. Ranar da baƙi suka ɗauke ƙafa, ta wanke bokitin da toka, ta kawo shi ƙofar Huseina ta ajiye. Huseina ta zuba ruwa, ta barbaɗa omo, ta tura shi inda yake.

Murfin ya daɗe a gona. Balarabe ne ya tsinto shi lokacin noman farko, rana ta lanƙwasa shi, gefe ɗaya ya tsage. Ko an ɗora shi ba ya kamawa, da ɗan yatsa ake ture shi. Kamilu ya ce zai samo wani.

Damina ta yi nisa. Ruwa ya wadata, Huseina ta koma wanki kullum da safe. Amma abin da yaro ya ɓata daga azahar zuwa wayewar gari dole ya kwana a wani wuri, kuma wurin bai canza ba.

Wajen ƙarshen damina Fatihu ya fara rarrafe. Rarrafensa na farko, daga tabarma ya miƙe zuwa bayan ƙyaure, ya dafa bokitin da hannu ɗaya yana bubbuga shi kamar ganga. Huseina tana tsaye tana ninke kaya. Ta dube shi na ɗan lokaci, ta ɗauko wani tsohon zani ta yage shi a tsaye. Ta ɗaure ɗaya bakin zanen a idon sawun yaron, ɗayan a ƙafar gado, ta auna yadda ba zai kai ƙyauren ba.

Maryamu ta leƙo ta gani.

"Yau kuma ɗan akuya muka samu? Sai a kawo masa harawa."

"Girki zan ɗora, Yaya."

"Ki goya shi mana."

"Jiya ya kusa jawo tukunya daga bayana."

Maryamu ta buɗe baki za ta ƙara wata, idonta ya kai bayan ƙyaure, ta fasa.

Huseina ta gwada ɗora dutse a kan murfin. Fatihu ya ja gefen murfin wata rana da ta kwance shi, dutsen ya faɗo dab da yatsunsa, ta cire. Ta tambayi Kamilu ko za a koma famfas, ya ce tsadar man fetur ta hana shi numfashi, ta bari sai bayan kaka. Daga nan ta fara fitar da bokitin. In la'asar ta yi sanyi sai ta kai shi bayan katangar banɗaki, inda ba a hangowa daga tsakar gida. Inna ta gano a zagayenta na yamma. Ba ta kira kowa ba, ta rungumo shi da kanta, tana tafiya tana hutawa, ruwa na fallatsa mata a zani, ta dire shi a bayan ƙyaure.

Washegari haka. Wanshekare ma haka.

"Inna, ki bar shi a can," in ji Huseina, tana kallon ƙasa.

"Ba zan bari ba."

"Ya fara kai hannu."

"Na gani. Ina da ido." Inna ta zauna a bakin gado tana haki, ta jawo Fatihu ta ɗora a cinya. "Angona, ka ji uwarka? So take ta miƙa ka ga abin da ba ta taɓa gani ba. Ni na gani. A hannuna Sha'aban ya sanƙare, bakinsa na kumfa, ban iya yi masa komai ba. Na rasa agwagwata, ba zan rasa angona ba."

"To a kai ɗakinki, Inna."

"A ɗakina nake salla."

Huseina ma a nata ɗakin take salla. Ba ta faɗa ba.

Ana haka 'yar Inna da ke aure a Ungogo ta haihu, Inna ta tafi zaman kwanaki. Kafin ta hau adaidaitar Kamilu sai da ta dawo daga zaure ta ce, "Kin dai ji abin da na ce." Huseina ta ce ta ji. Da yamma ta fitar da bokitin, ta rufa masa tsohon buhu, ta bar shi ya kwana. Maryamu ta wuce za ta banɗaki, ta kalli buhun.

"Ni dai makauniya ce yau," ta ce.

Kwanakin nan bokitin bai dawo ɗaki ba, Huseina ta kwance zanen daga ƙafar yaron. Ya zaga ɗakin ko'ina, ya shiga ƙarƙashin gado, ya fito da takalmin ubansa a baki.

Ranar da Inna za ta dawo Fatihu ya tashi da zazzaɓi. Kafin azahar jikinsa ya yi zafi kamar garwashi. Inna na shigowa da ƙullin tsarabarta, ta tarar da shi a hannun Maryamu yana jijjiga, idanu sun juye, haƙoransa biyu sun datse leɓe. Ta saki ƙullin a ƙasa.

Balarabe ya ɗauki Huseina da yaron a babur zuwa asibitin Gezawa. Ma'aikaciyar ta huda yatsan yaron, ta duba, ta ce zazzaɓin cizon sauro ne, zafin ne ya yi yawa har ya jawo jijjigar. Ta yi masa allura, ta sa aka shafa masa ruwa, ta tambayi ko yana kwana a gidan sauro. Zuwa yamma ya buɗe ido ya nemi nono.

A gida Inna ta titsiye Maryamu.

"A ina bokitin ya kwana da ba na nan?"

"Inna, ni fa ba sashena ba ne."

"Ban tambaye ki sashen wa ba ne."

Maryamu ta faɗa.

Da suka dawo Huseina ta maimaita abin da ma'aikaciyar ta ce. Inna ta saurara har ƙarshe.

"Sauro tun farkon damina yake cizonsa. Me ya sa bai sanƙare ba sai da kayansa suka kwana a waje?"

Balarabe ya ce Allah dai ya kyauta, ya fita masallaci.

Da safe Kamilu ya tsaya a bakin ƙofa da makullin adaidaita a hannu. Bai kalli bayan ƙyauren ba. Tun ranar shuka ba ya kallon wurin.

"Ki bi maganar Inna. Kada ya sake kwana a waje."

"Malam, ya fara kama abu yana miƙewa."

"Ki sa ido a kansa."

"Da ma ido nake sawa."

"Zan samo murfi."

"Tun noman farko ka ce haka."

Ya juyo. "Me kike so ki ce? Ni ne?"

"Ban ce ba."

"To."

Ya fita. Ta ji ƙarar adaidaitar har ta hau kwalta. Ta ɗauko yagaggen zanen ta sake ɗaure ƙafar yaron. Wurin ɗaurin ya riga ya yi ɗan baƙi, kamar zoben da aka zana.

Kaka ta shigo. An shanya wake a tsakar gida, gero yana jibge a ƙofar rumbu. Fatihu ya warke, ya yi ƙiba, ya koyi kama ƙafar gado ya miƙe, ya saki hannu ɗaya yana dariya. Ya kuma koyi zama ya tsura wa ƙullin ido yana jan sa da yatsu.

Wata rana da hantsi Huseina ta canza masa nafkin, ta jefa mai dattin a bokiti, ta ɗora murfin, ta ɗaure ƙafar yaron. Sai ta ji Maryamu na kiran ta daga bayan gida, awakin maƙwabta sun ɓalle danga sun faɗa wa waken. Ta fita da muciya a hannu. Suka kora, awakin suka zaga ta bayan rumbu suka dawo, suka sake korawa, Maryamu tana zagin awakin da mai su har kakanninsa. Suka tsaya suka tokare dangar da itace.

Da ta dawo ɗaki, zanen yana nan ɗaure a ƙafar gado, ɗaya bakin yana ƙasa da zagayen ƙullinsa, babu ƙafa a ciki. Murfin yana ƙasa. Fatihu yana tsaye a kan yatsun ƙafarsa, cikinsa a kan bakin bokitin, kansa da hannu ɗaya a ciki, yana miƙa wa kumfa. Ƙafa ɗaya ta riga ta bar ƙasa.

Ta kama shi ta bayan riga. Ya ɗago da kumfa a hannu, ya nuna mata, yana dariya.

Ta wanke masa hannu da buta, ta goya shi, ta ɗaure majanyi sosai. Ta ɗauki bokitin ta fita da shi, ta tsame nafkin ɗin ta matse su ɗaya bayan ɗaya a baho, ta tuttular da ruwan a makwarara. Akwai wani guntun rodi da suke tona wuta da shi. Ta cusa kansa cikin garwashi, ta zauna a kujerar tsuguno tana jira.

"Me za a gasa mana?" in ji Maryamu, tana kaɗe zani. "In nama ne ni ce babba."

Huseina ta naɗe hannu da tsumma, ta zaro rodin, kansa ya yi ja. Ta kifa bokitin ta dasa masa a gindi. Robar ta yi ƙara, baƙin hayaƙi ya tashi, rodin ya wuce. Ta zare, ta sake dasawa a gefe. In ya huce ta mayar wuta ta jira. Ta huda gindin ko'ina, sannan ta kwantar da shi ta bi jikinsa tana hudawa daga ƙasa zuwa sama.

Warin ƙonanniyar roba ya fito da Inna daga ɗaki.

"Ke 'yar nan, lafiyarki? Bokiti mai kyau kika lalata?"

"A ɗaki zai kwana, Inna. Kamar yadda kika ce."

"A jiƙa a ina?"

"Ba za a jiƙa ba. Zan kankare a masai, in ɗauraye da buta, in matse, in sa a ciki da toka."

Inna ta ɗauki bokitin ta ɗaga shi sama. Rana ta shigo ta hudojin ta zuba mata a fuska. Ta daɗe tana kallo. Ta dubi yaron da ke bayan uwarsa yana tsotsar bakin majanyi. Ta ajiye.

"Za su yi miki rawaya."

"Su yi."

"Za a yi da ke a gari."

"To."

Inna ta koma ɗakinta. Da magariba ta yi zagayenta, ta leƙa bayan ƙyauren Huseina, ta ga bokitin yana nan, ta wuce. Kamilu ya dawo ya ga hudojin, ya tsaya kaɗan, ya nemi abincinsa.

Nafkin ɗin sun yi rawaya. Huseina tana dirza su da safe har fatar yatsunta ta tsage, tabon ba ya fita duka. Ɗakin yana wari fiye da da, ƙuda suna taruwa in ta manta toka. A sunan gidan liman wata ta ce igiyar shanyar matar Kamilu kamar an zuba mata miyar taushe, aka yi dariya, maganar ta dawo wa Huseina ta bakin Maryamu. Ta ce to.

Fatihu ya fara tafiya kafin sanyi ya wuce. Yakan je bayan ƙyaure, ya ture bokitin, ya faɗi, ya zura yatsa a hudojin. Huseina takan ɗago ta dube shi, ta ci gaba da tsince shinkafarta. Har yau ba ta yi kukan ba, ba ta kuma ambaci sunan yarinyar ba.

Ita ke nan, mace ɗaya da guntun rodi, bayan ta binne ɗaya. Kai da ka iya karatu har ka kawo nan, ba sai ka binne kowa ba. Ajiye wannan takardar. Shiga ɗakin matarka, ko na ƙanwarka, ko na matar wanka, ka tura ƙyauren ka duba. In da ruwa a bokitin, zubar da shi da hannunka. In an ce maka tsuntsu, kada ka tsaya gardama da tsohuwa, bar kayan a ɗaki, ruwan kawai za ka hana kwana. Ke kuma da za ki barka gobe, kafin ki ce Allah ya raya, tambayi mai jegon ina take ajiye nafkin, kuma kada ki tashi sai ta nuna miki.